Ƙaramar hukuma za ta iya barin jiharta ta koma wata jiha?

Na-Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da nike son masana doka su warware mani. A Amurka, gundumomi 13 na gabashin jihar Oregon, waɗanda can ake kira kawunti, sun jefa ƙuri'a tsakanin 2020 da 2024 suna goyon bayan a raba su da Oregon a haɗa su da maƙwabciyarta Aidaho. Kukansu shi ne su manoma ne da makiyaya, amma mutanen manyan biranen yammacin jihar ke da rinjaye a majalisa, su ke tsara dokoki. Sun ci ƙuri'a a akwati, taswira kuma har yau tana nan yadda take. To mi ya hana?

Na gida ma ya fi damuna. Mu ɗauki ƙaramar hukumar Kebbe ta jihar Sakkwato da ke iyaka da Kebbi da Zamfara, ko Isa da ke jikin Shinkafi ta Zamfara. Misali kawai nike kawowa, ban ce wani ya nemi haka ba. In mutanen ƙaramar hukuma irin wagga suka haɗa baki suka ce wata jiha suke so, doka ta ba su hanya? Wa za su kai wa takarda, hannun wa ake buƙata, kuma ƙuri'ar raba gardama ta wadatar? Don Allah mai amsa ya kawo sashen doka, don a san inda aka dogara.

Baristan Arkilla:

Wa alaikumus salam Malam. Hanya akwai, sai dai makullinta ba ya hannun ƙaramar hukumar, ba ya kuma hannun masu jefa ƙuri'a.

A fara da sashe na 3 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Ya lissafa jihohi 36, sannan ya ce ƙasar kowace jiha ita ce wadda aka nuna a kashi na ɗaya na Jadawali na Farko. In ka buɗe jadawalin za ka ga sunan jiha, a gabansa an jera ƙananan hukumominta, sai babban birninta. Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Ke nan ɗauke suna ɗaya daga layin Sakkwato a kai shi layin Kebbi gyaran iyakar jihohi biyu ne, kuma sashe na 8(2) ke magana a kan wannan. Kada a haɗa shi da 8(1), wancan na ƙirƙiro sabuwar jiha ne.

Sashe na 8(2) mataki biyu ya gindaya. Na farko, a kai wa Majalisar Tarayya takardar buƙata, wadda kashi biyu cikin uku na wakilan yankin da ke nema da yankin da gyaran zai shafa suka goya wa baya, a kowane ɗaya daga waɗannan wurare: Majalisar Dattawa da ta Wakilai, majalisar dokokin jiha, da majalisun ƙananan hukumomin yankin. Kalmar "kowane ɗaya" ita ce mai nauyi. Ba a tara su wuri guda a ƙirga, kowane rukuni sai ya cika nasa.

Mu yi lissafi da misalinka. Kebbe tana ƙarƙashin sanatan Sakkwato ta Kudu, mutum ɗaya. A Majalisar Wakilai tana mazaɓa ɗaya da Tambuwal, mutum ɗaya. A majalisar jiha kujerarta ɗaya. Kashi biyu cikin uku na mutum ɗaya shi ne mutumin nan, don haka duk wanda ya ƙi sa hannu a cikinsu ya tsayar da tafiyar. Kuma ka duba wa ake roƙo: sanatan da ke wakiltar ƙananan hukumomi bakwai ana so ya sa hannu a rage masa ɗaya, ɗan majalisar wakilai ana so ya yarda a tsaga mazaɓarsa biyu. Sai kansiloli: in goma ne sai an samu bakwai, in goma sha ɗaya ne sai takwas. Zaɓaɓɓu nake nufi. Sashe na 7 majalisar da aka zaɓa ya sani, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ƙara rufe ƙofar kantomomin riƙo, don haka takardar da kwamitin riƙo ya sa wa hannu abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara kai wa sara ke nan.

Wata matsalar kuma, kundin bai fayyace iyakar "yankin da gyaran zai shafa" ba. Mai tsaurarawa zai ce ya haɗa da wakilan ɓangaren jihar da za a koma da maƙwabtan da za a raba mazaɓa da su. Mai son takardarsa ta tsira gara ya nemi hannun kowa, na can da na nan.

Mataki na biyu, a amince da shawarar da rinjaye a kowane zaure na Majalisar Tarayya, da rinjaye a majalisar dokokin jihar da abin ya shafa. In an ƙirga da dukan mambobi, 55 cikin 109 a Dattawa, 181 cikin 360 a Wakilai, 16 cikin 30 a majalisar Sakkwato. Kundin ya ambaci majalisar jiha da lafazin tilo, amma tunda iyakar jihohi biyu ake taɓawa, karatun da ya fi tsayuwa shi ne duka biyun, wato a ƙara 13 cikin 24 na Kebbi. Bayan nan a zartar da dokar, ta je wurin shugaban ƙasa ya sa hannu kamar kowace doka.

Ka lura ban ambaci ƙuri'ar raba gardama ba. Babu ita a 8(2). Tana cikin 8(1) na sabuwar jiha da 8(3) na sabuwar ƙaramar hukuma, inda ake neman kashi biyu cikin uku na mutanen yankin. A gyaran iyaka kuwa, ko kowane baligi na ƙaramar hukumar ya dangwala, doka ba ta ƙirga wannan ba. Ni a ganina wannan giɓi ne, domin yana nufin a rubuce za a iya mayar da mutane wata jiha ba a tambaye su kai tsaye ba, kamar yadda za a iya hana su ko da duk sun so.

A nan gizo ke saƙa: mutum 16 a majalisar Sakkwato su yarda jiharsu ta rage ƙasa, ta rage jama'a, ta rage kason da take samu daga asusun tarayya. Tun 1999 babu ƙaramar hukumar da ta tashi daga layin wata jiha ta koma na wata.

Malama Ɗiyar Runjin Sambo:

Barista ya gama da na gida, bari in ɗauki na Amurka, don dalilin kusan ɗaya ne.

Da farko a gyara fahimtar ƙuri'ar. Abin da aka sa wa mutanen Oregon a takardar zaɓe bai ce "mun fita" ba. A yawancin gundumomin, an wajabta wa shugabannin gunduma ne su riƙa zama lokaci-lokaci suna tattauna batun matsar da iyaka, a wasu kuma ra'ayi kawai aka ji. Gunduma ba ta da ikon da ya wuce haka. A dokar Amurka gunduma da birni jiha ce ta yi su, ita ke ba su iko, ita ke iya karɓewa. Kotun Ƙolinsu ta faɗi haka a fili tun 1907 a wata shari'a da ta shafi birnin Pitsbag. Kundin tsarin mulkinsu ko ambaton gunduma bai yi ba.

Wurare biyu ake dubawa a kundin. Babi na 4, sashe na 3, ya ce ba a kafa sabuwar jiha a cikin wata jiha, ko a haɗa jihohi ko yankunan jihohi a yi wata, sai da yardar majalisun jihohin da abin ya shafa da Majalisar Tarayya. Lafazin a kan sabuwar jiha yake, shi ya sa lauyoyi ke haɗa shi da babi na 1, sashe na 10, wanda ya hana jiha ƙulla yarjejeniya da wata jiha ba da yardar Majalisar Tarayya ba. A 1893, a shari'ar iyaka tsakanin Bajiniya da Tenesi, kotu ta sassauta, ta ce yarjejeniyar da ke buƙatar wannan yardar ita ce wadda za ta ƙara wa jiha ƙarfin siyasa har ta taɓa ikon tarayya. Gyara turakun iyaka na iya wucewa haka nan. Ɗauke gundumomi 13 cikin 36 kuwa yana taɓa yawan jama'ar da ake raba kujerun Majalisar Wakilai da shi bayan kowace ƙidaya, daga nan kuma ya taɓa ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa. Don haka hannu uku ake nema: majalisar Oregon, majalisar Aidaho, Majalisar Tarayya. A Fabrairun 2023 majalisar wakilan Aidaho ta zartar da kira na a zauna a tattauna, kiran da ba ya ɗaure kowa. Majalisar Oregon ba ta amince da komai ba. Nan maganar ta tsaya.

Haka yake a Ilinoi, inda gundumomi 33 suka jefa ƙuri'ar jin ra'ayi kan rabuwa da gundumar da birnin Shikago ke ciki. A 2025 maƙwabciyarta Indiyana ta yi dokar kafa hukumar duba gyaran iyaka, amma hukumar jiha ɗaya ba ta motsa iyakar jihohi biyu.

An taɓa yi? An yi. Kentaki ta fita daga Bajiniya a 1792, Mein ta fita daga Masachuset a 1820, duka da yardar uwar jiha. A 1855 Majalisar Tarayya ta amince Masachuset ta miƙa wa Niyok wani ɗan ƙauye da duwatsu suka raba shi da sauran jihar, har ya gagari 'yan doka zuwa. Amma misalin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na gundumomin Bakli da Jefason, waɗanda a da ke cikin Bajiniya. Bajiniya ta Yamma ta zama jiha a ranar 20 ga Yuni 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, da yardar wata gwamnatin Bajiniya mai biyayya ga tarayya da ke zaune a Wilin. Gundumomin nan biyu daga baya suka bi ta, bayan ƙuri'ar da waccan gwamnatin ta ba da izinin yi. Da yaƙi ya ƙare Bajiniya ta ce ta janye yardarta, ta kai ƙara. A 1871 Kotun Ƙoli ta ce yarda ta riga ta tabbata, ba a janye ta. Ko a nan, abin da kotu ta riƙe shi ne yardar majalisar jiha da ta tarayya.

Sai bashi, wanda masu fafutuka ba su cika kawo shi ba. Rigimar kason bashin da Bajiniya ta Yamma za ta ɗauka ta kai har 1915 kafin kotu ta yanke mata fiye da dala miliyan 12, ba ta gama biya ba sai 1939. A Oregon ma sai an raba fansho, hanyoyi, makarantu da gidajen yari. Oregon ba ta karɓar harajin saye da sayarwa, Aidaho tana karɓar kashi 6 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi a Aidaho dala 7.25 ne a awa, na Oregon ya fi haka nesa. Tabar wiwi halas ce a dokar Oregon, laifi ce a Aidaho. Ranar da iyaka ta matsa, duk waɗannan sun canza a kan mutumin da bai gusa daga ƙofar gidansa ba.

Dattijon Kanwuri:

Madalla da Barista da Malama. Abu biyu zan ƙara, ɗaya kuma ja ne da Barista.

Matasa kan ce ai an sha yi a ƙasar nan, kuma gaskiyarsu. A 1967 Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, har da lardin Neja a ciki. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya raba ta, aka sami Sakkwato da Neja, ƙasar Zuru da ke lardin Neja a da ta zauna a Sakkwato. Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya fitar da Kebbi, a wannan rabon ne kuma aka ɗauke Borgu daga Kwara aka kai ta Neja, wanda shi ne ainihin abin da Malam ke tambaya. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya fitar da Zamfara. Duk da dokar soja aka yi su, kuma dokar soja ba ta jiran majalisar jiha. A mulkin farar hula sau ɗaya aka taɓa yanka sabon yanki, Tsakiyar Yamma a 1963, shi kuma da ƙuri'ar raba gardama. Saboda haka Borgu ba hujja ba ce a yau.

Inda nake ja: Barista ya tsaya a 8(2) kamar ya wadatar. A rubuce yana da madogara, domin 8(5) ya ce dokar da Majalisar Tarayya ta yi a ƙarƙashin sashen ita za ta gyara sunaye da hedikwatoci a sashe na 3 da Jadawali na Farko. Amma a duba yadda ake yi a aikace. Da aka so canza sunan Kunchi ta Kano zuwa Ghari, suna kawai, ba a taɓa ko taki ɗaya na ƙasa ba, ta hanyar gyaran kundi aka bi, Shugaba Buhari ya sa hannu a Maris 2023. Wannan hanyar sashe na 9 ce: kashi biyu cikin uku na dukan mambobin kowane zaure, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. In canza suna ya ci wannan, jihar da za a rage wa ƙasa ba za ta rasa lauyan da zai ce ɗauke ƙaramar hukuma sukutum ya wuce "gyaran iyaka" ba. Mai wannan aiki ya shirya wa hanya mafi tsawo. A tuna da Legas: ta ƙirƙiri ƙarin ƙananan hukumomi 37, a 2004 Kotun Ƙoli ta ce ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata. Har yau ƙananan hukumomi 20 jadawalin ya sani a Legas.

Na biyu, abin da zai biyo baya in an yi nasara. Sashe na 72 ya hana mazaɓar sanata ko ta ɗan majalisar wakilai ta ratsa jihohi biyu, don haka mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta rushe ke nan, sai INEC ta sake yanka, a nan da can. Sashe na 74 kuma ya ce sabon yankan ba ya aiki sai majalisa ta amince kuma wa'adin majalisar da ke kai ya ƙare, wato ana iya samun shekarun da mutane ke wata jiha wakilinsu yana wata. Lissafin zaɓen gwamna ma zai motsa, tunda sashe na 179 na son a sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi: na 23 ya haura 15, na 22 bai kai 15 ba.

Filaye: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, sai an rubuta a dokar gyaran cewa takardun mallaka da tsohon gwamna ya bayar suna nan daram, a kuma kwashe fayilolin. Malaman firamare da ma'aikatan asibitin karkara suna ƙarƙashin hukumomin jiha, sai an faɗi wa zai biya fansho da garatuti na shekarun baya. Shari'un da ke gaban alƙalai sai an faɗi inda za a ɗaukaka ƙararsu. Takardar shaidar zama ɗan jiha da yara ke neman makaranta da aikin soja da ita sai an sake. Sannan sarauta, wadda a ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce: hakiman jihar Sakkwato suna ƙarƙashin Majalisar Sarkin Musulmi, al'amarin sarauta kuma dokar jiha ke tafiyar da shi. Dole a san masarautar da za su bi da wanda zai naɗa su.

Na-Mabera:

Allah shi saka da alheri, na gamsu ƙwarai. Saura guda, Barista. In majalisar jiha ta ƙi, mutanen ba za su iya zuwa kotu ko Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa ba?

Baristan Arkilla:

Ranka ya daɗe Dattijo, na karɓi gyaran, misalin Ghari mai ƙarfi ne. Abin da zan ce kawai, canza suna ba ya cikin abubuwan da sashe na 8 ya tanada, shi ya sa ba shi da mafita sai sashe na 9, gyaran iyaka kuwa yana da nasa sashen da kuma 8(5). Amma shawararka ta a shirya wa doguwar hanya ita ce daidai.

Malam, duka biyun ba za su yi wannan aikin ba. Hukumar iyakoki, wadda dokar 2006 ke tafiyar da ita kuma mataimakin shugaban ƙasa ke shugabanta, aikinta ta gano inda iyakar da ke akwai ta bi, ta auna, ta kafa turaku, ta sasanta rikici. A jiha mataimakin gwamna ke jagorantar kwamitin iyaka. In rigimar ita ce wannan ƙauye ko wannan fadama ta wace jiha ce, can za a je, da tsofaffin taswirori da gazet da shaidar wanda ake biya wa haraji. Ƙaramar hukumar da kundi ya rubuta sunanta a layin Sakkwato kuwa babu shakkar da za a warware a kanta.

Kotu ma haka. Sashe na 232 ya ba Kotun Ƙoli ikon jin rikici kai tsaye tsakanin jiha da jiha ko jiha da tarayya, kamar shari'ar rijiyoyin mai 76 tsakanin Kuros Riba da Akwa Ibom da aka yanke a 2012. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ba ta shiga ta wannan ƙofa. Kuma babu alƙalin da zai umarci ɗan majalisa ya ɗaga hannu ga abin da kundi ya bar wa zaɓinsa. Inda kotu ke shigowa shi ne bayan an yi dokar, in wani ya ce an tsallake mataki: hannun da aka sa na bogi ne, adadi bai cika ba, ko ba a tambayi majalisar ɗaya jihar ba.

Abin da aka yarda a yi shi ne taro, rubuta takardar koke, kai ta ga kwamitin gyaran kundin tsarin mulki lokacin jin ra'ayin jama'a, da neman hannun wakilai ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai jawo matsala shi ne ciyaman ko kansiloli su zartar da ƙudurin cewa daga yau sun koma wata jiha, su daina miƙa haraji ko su canza allon sakatariya. Wannan ƙudurin ba shi da ƙarfin doka ko kaɗan, kuma kason ƙaramar hukumar daga asusun tarayya zai ci gaba da fitowa a layin jihar da jadawali ya ajiye ta.